Shekarar da Inna Ta Dama Irin Shuka

Ruwan bana ya makara. Mun yi shuka da ruwan farko, yau kwana goma sha ɗaya ke nan, kuma tun ranar ko yayyafi ba a ƙara yi ba. Kullum da hantsi nakan fita bayan gari in tona rami ɗaya da yatsa in duba. Ƙwayar ta tsage, ta fitar da ɗan farin zare, ta tsaya nan. Waɗannan ma gonakin bakin gari ne, na jigawa. Na ƙetaren gulbi, inda ƙasa ke riƙe laima, damina uku ke nan ba wanda ya taka su, saboda mutanen da suka zaune dajin da bindigogi. Hatsi ya yi tsadar da mata kan je kasuwar Gummi su taya kawai su dawo.

Shekaranjiya 'yata Saratu ta kira ni a waya. Tana karanta labarai a wani gidan rediyo a birni. Bayan gaisuwa na yi mata faɗa, don ni ba na ajiye magana a ciki.

"Ke, kullum ina kunna ku. An buɗe titi, an yi taro, an yanke ƙyalle. Mu nan ba mutane muke ba?"

"Baba, ba ka san halin da muke ciki ba," in ji ta. "Ana shirya wata doka. Wai duk mai aikin jarida sai ya yi rajista an ba shi kati, kuma duk shekara sai an sabunta. Wanda ya faɗi abin da bai yi wa manya daɗi ba, a karɓe katin ya koma gida. Tun ba a sa hannu ba shugabanmu ya tsorata. Ya ce kada wanda ya ƙara cewa yunwa a cikin labarai."

"To mi za ku ce?"

"Matsin rayuwa."

A zamaninmu ƙarancin abinci ake cewa. Na ce ta gaida maigidanta, na kashe. Abin da na kasa gaya mata ta waya shi zan rubuta nan, bi da bi, yadda ya faru, don tana goye a bayan uwarta aka yi shi.

Sunana Bawa. Karatuna firamare ne da shekara ɗaya a makarantar horon malamai, mahaifina ya rasu na dawo na riƙe gandu. Da kaka ina aikin malamin sikeli a wurin sayen auduga. Rubutuna yana karantuwa, kuma ba na tsallake abu in dawo masa. Shi ya sa editan wata jaridar Hausa, Alhaji Sambo, ya yarda in riƙa aika masa labaran yankinmu, daga Anka zuwa Bukkuyum har Gummi: gobara, gadar da ta karye, naɗin sabon liman. A takardar littafin makaranta nake rubutawa, in ba direban motar kasuwa ya kai masa. Ba ni da kati, ba ni da albashi. Mutanen garinmu suna kirana Ɗan Jarida, wani don girmamawa wani don tsokana.

Soja ke mulki a lokacin, kuma sun kafa doka cewa duk wanda ya buga abin da ya zubar da mutuncin hukuma za a tsare shi, a rufe jaridar. Na ji dokar a rediyo, ban ɗauka ta san da zamana ba.

Wahalar ta fara tun daga kakar baya. Gero yana cikin bununi, bai kai ga yin ƙwaya ba, ruwa ya ɗauke, abin da muka ɗaure bai kai rabin na kullum ba. Mu huɗu ne a gida: Inna mahaifiyata, ni, matata Hassi, da jaririya Saratu. Tun tsakiyar rani Inna ta ajiye babban ƙoƙon awo ta koma ƙarami, ba ta ce wa kowa komai ba.

Sai bazara ta zo da zafin da ban taɓa gani ba. Da azahar tsuntsaye na faɗowa daga itace baki buɗe. Rijiyar masallaci ta koma taɓo. Mata na bin yashin gulbi suna tona rami har tsayin mutum kafin ruwa ya tsatso, ruwan kuma ja ne, sai an bar shi ya kwanta. Hadari yakan haɗu gabas da la'asar, baƙi ƙirin, iska ta taso ta yaye jinkar ɗakuna, sannan ya watse ba ɗigo ɗaya.

Irin shukarmu yana hannun Inna. Geron kakanni ne, zangarniyar da aka zaɓa ɗaya ɗaya tun a gona. Ta raba shi kashi uku, kowane a tulunsa, ta zuba toka a sama ta liƙe baki da laka. Da aka yi ruwan farko muka fasa tulu na ɗaya. Ina gaba da sungumi, Hassi na bina tana jefa ƙwaya tana takewa da diddige, jaririya a bayanta. Tsiro ya fito kamar allura, rana ta ƙone shi cikin kwana tara. Aka yi ruwa na biyu, ɗan kaɗan, muka fasa tulu na biyu. Wannan ko fitowa bai yi ba, ya dahu a cikin ƙasa. Saura ɗaya. Inna ta tura shi ƙarƙashin gadonta ta ce:

"Wanga ba a taɓa shi, ko wa za shi mutuwa."

Abinci ya yi ta sauka mataki mataki. Tuwo sau biyu ya koma sau ɗaya. Tuwo ya koma kunu mai ruwa. Daga nan dusa, wadda a da ta awaki ce. Daga dusa sai ganye, tafasa da yaɗiya, a dafa da kanwa a matse a ci haka nan. Daga ganye sai anza, wadda sai an jiƙa ta kwana uku ana zubar da ruwan kafin ɗacinta ya ragu, kuma ko ya ragu yana nan a maƙogwaro har gobe. A ƙarshe mata suka shiga tonon gidan tururuwa suna kwashe 'ya'yan ciyawar da ta tara.

Wanda bai taɓa yi ba yana zaton yunwa ciwon ciki ce. Wannan na makon farko ne. Bayan shi ciki yakan yi shiru, sai ƙafa ta yi nauyi, kunne ya riƙa ƙara, in ka ɗago daga ruku'u gari ya juya. Dattawa suka koma salla a zaune. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne shirun gari. Da hantsi ya kamata a ji lugude daga kowane gida, amma sai kukan kurciya kawai. Nonon Hassi ya janye, kukan jaririyar ya koma kamar na 'yar kyanwa. A rugar Jauro, maƙwabcinmu Bafulatani, sai an zura sanduna ƙarƙashin saniya mutum huɗu sun ɗaga ta kafin ta tsaya. Samari suka watse kudu. Aka fara kai tsofaffi makwanci, daga baya yaran da aka yaye.

Amma duk wanda aka binne, zazzaɓi aka ce, ko kwana ya ƙare. A wurinmu babba ba ya cewa yana jin yunwa. Yaro na iya faɗa, a kwaɓe shi. Maigidan da ya wuni bai sa komai a baki ba yakan fito ƙofar gida yana sakace. Mace takan ɗora tukunyar ruwa zalla don maƙwabta su ga hayaƙi, maƙwabtan kuma sun sani, don su ma abin da suka ɗora ke nan. Rufin asiri muke kiransa, kuma shi aka fara koya mana kafin karatu.

Ni na karya shi. Na zauna na rubuta wa Alhaji Sambo takarda shafi biyu: ranar da aka yi kowane ruwa, shukar da ta ƙone, abin da ake ci, waɗanda suka bar gari, waɗanda aka binne. A layin ƙarshe na rubuta, "Wannan yunwa ce." Ya buga, kuma ya ɗauki wannan layin ya sa shi a sama da manyan baƙaƙe.

Ana cikin haka rediyo ya ce hukuma za ta raba hatsin agaji ga garuruwan da ke da ƙarancin abinci, kuma ana tsara jerin sunayensu. Bayan kwana kaɗan takarda ta iso wa Magaji, mai garinmu. Ni na karanta masa. Kwamitin mutum uku zai zo ya duba abin da jarida ta buga. In gaskiya ne, garinmu zai shiga jeri. In ƙarya ce, wanda ya rubuta zai amsa tambaya.

Na roƙi Magaji ya tara dattawa a zaurensa.

"Abu ukku nika roƙo," na ce. "Na ɗaya, kada a yi shara. Na biyu, kada a ɓoye yara. Na ukku, in anka tambaye ku, ku hwaɗi kalmar da bakinku."

"Wace kalma?" in ji Magaji.

"Yunwa."

Ɗan'ige mahauci, abokin wasana tun muna yara, wanda ya yi wata biyu bai yanka ko kaza ba, ya yi dariya.

"Ɗan Jarida, kai kab buga mu ga takarda duniya ta karanta. Bai ishe ka ba? Yanzu kuma mu tuɓe wando gaban baƙi?"

"Ka tuɓe, in shi za ya kawo hatsi. Ɗiyarka ƙahwahunta sun kumbura, na gani."

Dariyar ta tsaya. Magaji ya shafa gemu ya ce, "Mun ji. Allah shi kai mu." Na koma gida na maimaita wa Inna da Hassi abu ukun nan. Inna ta ce, "Na ji." Ban lura ba cewa ba wanda ya ce ya yarda.

Kuskurena shi ne na bar gari ranar da kwamitin zai zo. Hanyarmu ba ta da alama, sai na fita tun da safe zuwa bakin titi don in tari motarsu in nuna musu. Na zauna ƙarƙashin wata aduwa har rana ta take tsaka kafin su iso. Shugabansu wani ne mai farin tabarau da jan biro a aljihu, Hausarsa ta birni. Akwai magatakarda mai littafi, da wani mai kaki wanda bai ce uffan ba.

Muna shiga gari na ga abin da aka yi. An share ko'ina fes, har da yayyafa ruwa a ƙofar Magaji, ruwan da mata suka tono da farce. Dattawa sun sa rigunan Salla, rigunan na lilo a jikinsu kamar an rataye a ƙusa. Yaran da ke waje masu ɗan ƙwari ne, an wanke su an shafa musu mai. Masu kumburin ko ɗaya ban gani ba. Daga kowane gida hayaƙi na tashi.

Aka shimfiɗa tabarmi a zaure, aka shiga gaisuwa.

"Yaya gari?" in ji mai tabarau.

"Lahiya lau," in ji dattawa baki ɗaya.

"Yaya iyali?"

"Lahiya lau."

"Yaya damina?"

"Sai godiya."

Magatakarda na rubutawa. Gaisuwa ce kawai, kowa ya san ko gawa ce kwance a gida haka za a amsa. Amma ina kallon bironsa yana tafiya.

Sai na ji ƙamshi. Tun kafin in waiwaya na san ko mene ne, kuma na san inda ya fito, don a duk garin nan wuri ɗaya ne ya rage da gero. Hassi ce ta shigo da babbar ƙwarya an rufe da faifai, idonta a ƙasa, Inna na biye da ita da ludaya. Fura ce, an surfa an daka yau, an dama da nonon da matar Jauro ta tatso daga saniyarsu ɗaya da ta rage da ruwan nono. Fara tas, mai kauri.

Baƙi suka yi bisimilla. Ina ganin maƙogwaron dattawa yana hawa yana sauka. Mai tabarau, don ladabi, ya miƙa wa Magaji ludayi.

"Alhamdu lillahi, mun riga ku," in ji Magaji.

Ya miƙa wa liman. "A ƙoshe nike." Ya miƙa wa Ɗan'ige, wanda na san kwana biyu ruwan tafasa kawai ya sha. Ɗan'ige ya dafa ciki ya ce, "Babu wuri, ranka shi daɗe."

Mai tabarau ya shanye, ya goge baki. "Rabona da fura irin wannan tun ina yaro. Wai garin da ake dama wannan ne aka ce ana yunwa?" Ya juya ga Magaji. "Tambaya ɗaya zan yi, ka amsa mini gaban jama'arka. Akwai yunwa a garin nan?"

Magaji ya dubi ƙasa. Ya dube ni. Leɓensa ya motsa, na rantse ya yi niyya. Sannan ya ce:

"Ranka shi daɗe, muna cikin ruhin asirin Allah."

Na miƙe tsaye, abin da ba a yi gaban manya. Na ce irin shuka ne suka sha, na ƙarshe. Na ce su zo su ga rumbuna. Na ja su gidanmu, na hau tsani na ɗaga murfin rumbu, ba komai ciki sai kashin ɓera.

"Malam, kowace damina rumbu kan ƙare," in ji mai tabarau. "Wannan ƙarancin abinci ne, an saba."

Na ruga gidan Ɗan'ige don in fito da 'yarsa su ga ƙafafunta. Ya riga ni ƙofa, ya ware hannuwa ya tare.

"Bawa, in ka shiga, ni da kai har abada. Ba a nuna ɗiyata awa akuyar kasuwa."

Mai kakin nan ya yi magana karon farko. Ya ce in shiga mota.

Ina zaune a baya Inna ta iso da sauri, tana haki, da buhu biyu a naɗe. Ta turo su ta taga.

"Riƙe, in an ba ka ka zubo ciki."

Ita a zatonta hatsi za ni karɓowa. Ta karrama baƙi, su ma za su karrama mu.

"Inna, mi kinka yi?"

"Mutane sun taho tun daga birni cikin wagga rana. In bar su su koma da ƙishi, a ce gidan ubanka? Rabi nid dama, rabi na nan."

Motar ta tashi.

Yanzu kowane yaro na da waya mai ɗaukar hoto, kuma na sha tunanin da a lokacin akwai ta da ban sha wannan wahala ba. Amma bana na ga wani ya ɗauki hoton mata suna tsintar tafasa a bayan gari, matan da kansu suka bi shi har gida suka sa ya goge. Wanda bai goge ba kuma yana tsoron wanda zai zo tambayarsa wa ya ba shi izini.

An ajiye ni a wani ɗaki bayan wani ofishi a birni. Ba a doke ni ba, gaskiya ɗaya ce. Har abinci ake ba ni sau biyu, garin rogo da ɗan mai, kuma wannan ya fi dukan ciwo, don duk lomar da na kai sai na ga bakin jaririyar nan yana neman nono. Kullum da safe a kira ni a yi tambaya iri ɗaya. Wa ya ba ka izinin aikin jarida? Ina takardarka? Wa ya sa ka? Wa ya koya maka wannan kalma? Na ce ba wanda ya koya mini ita, a cikina na same ta. Aka rubuta cewa ina da taurin kai.

Rana ta tara Alhaji Sambo ya zo. Ya rame, hularsa a karkace. Ya zauna a kan benci.

"Malam Bawa, sun sa mana kwaɗo a ƙofa. Mutum goma sha ne ke ci daga injin buga jaridar nan. Sun ce in an janye labarin za su buɗe."

"Alhaji, ka san gaskiya nir rubuta."

"Na sani. Ba ni ne na sa ta a sama ba? Amma rahotonsu ya ce sun sha fura a gidanku. A gidanku, Malam Bawa."

Ya zaro takarda da aka buga da tafireta. Ya bayyana mini yadda abin yake, bai ɓoye komai ba. In na ƙi sa hannu, magana za ta je kotun soja, kuma mai yiwuwa lauya ya nemi a sake tura wani kwamiti, wanda zai shiga ɗakuna ya duba yara. Mai yiwuwa. Bayan wata biyu ko uku, ina tsare. In na sa hannu, yau zan koma gida, maganar ta mutu, kuma garinmu ba zai shiga jeri ba, don ɗan garin da kansa ya shaida lafiya suke.

Na ce ba zan sa ba. Ya bar takardar ya tafi.

Kwana biyu bayan haka, da azahar, gari ya yi duhu. Iska ta kaɗa mai sanyi, mai ƙamshin ƙasa. Sai ruwa ya sauka a kan kwanon ɗakin kamar ana zuba tsakuwa, ya yi ta yi har la'asar. Mai gadin ƙofa, wani dattijo mutumin wajen Anka, ya leƙo ya ce direbobin da suka shigo sun ce tun daga Gummi suke cikinsa, gulbi ya kawo.

Na tsaya a taga na yi lissafin manomi. Ƙasa za ta riƙe wannan laima kwana uku. Bayan shi lokacin gero ya wuce, ko an shuka ba zai nuna ba. A gida akwai rabin tulu, da tsohuwa, da mai jego wadda ba ta iya ɗaga sungumi. Samarin da za a roƙa gayya sun tafi kudu. A ɗaya gefen kuma akwai gari guda, da wani kwamiti da mai yiwuwa ya zo, mai yiwuwa bai zo ba.

Da safe na ce a kawo takardar. Ga abin da ke ciki: ni, Bawa, na shaida babu yunwa a garinmu, ƙarancin abinci ne irin na kowace damina, kuma abin da na rubuta ƙarya ne, ina neman afuwa. Mai bugawa ya yi kuskure a sunan garin, ya tsallake harafi ɗaya. Na karɓi biro na gyara masa, don ba na iya ganin kuskure in wuce. Sai da na gyara na gane cewa da na bar shi, da wani gari ne daban na yi wa shaida. Na sa hannu.

Na iso gida washegari da buhunan Inna a naɗe yadda ta ba ni. Ta dube su, ta dube ni. Muka fita gona mu uku. Na buɗa tazarar rami don irin ya kai, ƙwaya uku uku maimakon tsunkule guda. Duk da haka rabin gonar kawai muka rufe. Hassi ta faɗi sau biyu, Inna ta karɓi ƙoƙon ta ci gaba, tana tafiya tana tsayawa.

Ranar da muka gama aka karanta takardata a rediyo, a labaran rana. Magaji na da rediyo, ana taruwa a ƙofarsa. Ina wurin. Mai karantawa ya faɗi sunana da na mahaifina da na garin, daidai, yadda na gyara. Ya karanta har ƙarshe, sannan ya karanta jerin garuruwan da za a kai wa hatsi. Akwai na gabas da mu, akwai na yamma da mu. Ba wanda ya dube ni. Ba wanda ya zage ni, da an zage ni da na ji sauƙi. Magaji ya kashe rediyon ya ce lokacin salla ya yi.

A makon 'yar Ɗan'ige ta rasu. Na je gaisuwa na durƙusa gabansa.

"Ƙaƙa haƙuri?"

"Sai godiya," in ji shi. "Zazzaɓi na."

Na ce Allah ya jiƙanta.

Motocin hatsi suka fara wucewa ta bakin titi, manya, an rufe su da tamfol. Daga gona muna jin rurinsu. Shuka ta fito, amma tsakanin tsiro da tumu akwai wata biyu, kuma ba abin da za a ci a cikinsu. Rana ta uku da fara wucewarsu, na dawo daga gona ban tarar da Inna ba. Hassi ta ce ta ɗauki sandarta ta yi hanyar titi, wasu mata sun bi ta.

Na same su a can. Inna na tsaye a tsakiyar kwalta, ita kaɗai, sauran matan a gefe. Wata mota ta taho tana ta oda, Inna ba ta gusa ba. Direba ya taka birki, motar ta tsaya ƙasa da taku biyar daga gare ta. Ya diro a fusace, da ya ga tsohuwa ce sai ya sassauta.

"Haba Inna! Kashe kanki za ki yi? Lafiya?"

Na ga bakinta ya buɗe zai ba da amsar da ya saba. Ta haɗiye. Ta riƙe sandar da hannu biyu. Matar nan ta haura shekara sittin, ta binne miji da 'ya'ya huɗu, ban taɓa jin ta roƙi ko gishiri ba.

"Ba lahiya ba," ta ce. "Yunwa muka ji. Ɗana gaskiya yar rubuta. Ni nid dama hurar. Yunwa muka ji, yaro. Yunwa."

Ta faɗa da ƙarfi, har matan da ke gefe suka rufe fuska da mayafi.

Direban ya tambayi sunan garin. Ya koma mota ya ɗauko takarda, ya bi ta da yatsa daga sama har ƙasa, ya sake bi.

"Inna, ba ku ciki. Buhunan a ƙirge suke, in ɗaya ya ɓace ni za a ɗaure. Ni direba ne kawai."

Ya kama hannunta a hankali ya kai ta gefen titi. Kafin ya hau ya zagaya bayan motar kamar mai duba taya, na ga ya zaro wani abu daga aljihu ya soka ta ƙarƙashin tamfol. Da motar ta tashi, sai ga dawa na zuba siririya a kan kwalta, ja, irin wadda ba mu taɓa gani ba, tana bin motar har inda ta sha kwana.

Matan suka duƙa. Ba turereniya, kowace ta kama wurinta, suna tsinta ƙwaya ƙwaya daga cikin tsakuwa suna zubawa a bakin zane. Inna ta ajiye sanda ta durƙusa, amma in ta ɗauki ƙwaya sai ta suɓuce mata. Na tsaya a kansu da hannuwana a baya, ni Ɗan Jarida, wanda ya shaida wa duniya cewa lafiya suke. Kwaltar na ƙona tafin ƙafa. Matar Ɗan'ige ce ta matsa gefe, ba ta ɗago ba, ta bar mini wuri kusa da Inna.

Na cire hulata na ɗora ta a tafin hannu bakinta sama, na durƙusa na shiga tsinta.